Na Bar Cin Nama, Kuma Har Yau Ba Na Shan Miyar Kuɓewa

A cikin birnin Zariya, idan mutum ya ce ba ya cin nama, fassara uku ake yi masa. Ko dai likita ne ya hana shi, ko wani mai magani ya kafa masa sharaɗi, irin wanda ake ce wa kada ya kuskura ya taɓa naman akuya sai ya gama shan jiƙo, ko kuwa aljihu ne ya yi sanyi yake rufa wa kansa asiri da cewa ba ya so. Ta huɗu, wato a ce mutum lafiyarsa ƙalau, da ɗan abin cefanensa, ya ce shi dai ya bari, ba ta cikin lissafin kowa.

To ni ce ta huɗun. Malamar makaranta ce ni, a cikin ganuwa aka haife ni, ina aure ta wajen Ƙofar Kuyambana, kuma 'yan shekarun nan ban sa nama ko kifi a bakina ba. Ina shan nono, ina cin ƙwai. Abin da nake so in faɗa shi ne, barin nama a garin nan bai kai wahalar da ake zato ba, ko da ga mutum mai tsirfar abinci irina, muddin ya tsaya a kan abin da tukunyar gidansu ta sani, kuma bai mai da abin addini ko wa'azi ba. Wahalar tana wani wuri daban, a bakin shi mai tsirfar da kuma bakin mutane.

Tun ina 'yar ƙarama sunana mai tsirfa. Duk miyar da ke da yauƙi ba na shanta: kuka, kuɓewa ɗanya ko busasshiya, karkashi, lalo. Da na ga zaren miya ya biyo lomar tuwo, maƙogwarona ya rufe ke nan. Ba na cin wake in dai ina ganin ƙwayarsa da baƙin idon nan nasa. Albasa in ta dahu ta yi lugub tana yawo a miya, sai na tsince ta ɗaya bayan ɗaya. Ganye in ya yi tsawo ya naɗe mini a harshe, sai yunƙurin amai. Kabewa ta cika zaƙi, gauta ta cika ɗaci. Idan aka cire waɗannan daga girkin Bahaushe, abin da ya rage mini shi ne shinkafa da mai da yaji, waina, shayi da burodi, soyayyen dankali, sai kuma nama, shi ma busasshe: soyayye ƙarau, tsire, kilishi, dambun nama. Nama shi ne maɓoyata. In an yi tuwo miyar kuka, sai in tsame tsokata in ɗauraye ta, in ci gayan tuwon da ita.

Gwaggona da ta riƙe ni magani ɗaya ta sani. «Yunwa ce ba ta kama ki ba,» in ji ta, sai ta kife kwanon ta ajiye mini shi har safe a ɗumama. An yi ɗure, an yi tsumagiya, an yi gori a gaban baƙi. Allah ya jiƙanta, da ƙauna ta yi, amma ko miya ɗaya ba ta ƙaru a cikin waɗanda nake sha ba. Abin da ya ƙaru shi ne fargabar lokacin cin abinci. Iyaye da yawa har yau gani suke yi iskanci ne ko shagwaɓa. Wani lokacin haka ne, amma ba kullum ba. Akwai yaran da yauƙi ko wari ko laushin abu ke tayar musu da zuciya da gaske, kuma tun 2013 likitocin ƙwaƙwalwa a Amurka suka sa mai tsananin cikin jerin larurorin cin abinci, suna taƙaita sunansa da ARFID. Masu nazarin ciyar da yara sun daɗe suna cewa abin da ke aiki shi ne a riƙa ajiye wa yaro ɗan kaɗan a gefe, yau da gobe, ba faɗa ba tilas, don wani abincin sai ya gan shi fiye da sau goma kafin ya yarda ya ɗanɗana. Bulala ba ta cikin tsarin.

Yadda aka yi mai maɓoya a nama ta bar nama ba wani dogon labari ba ne. Wata Babbar Sallah wankin kayan ciki ya faɗo kaina, na yini a kan tumbi da hanji cikin zafi, ƙarnin ya shiga hancina ya ƙi fita. Bayan nan ko tsire aka shigo da shi a takarda sai in ji shi. Dama hawan jini ya yi mana yawa a dangi, kuma likita ya riga ya ce in rage soye-soye da gishiri. Na zauna jiran abin ya wuce, bai wuce ba. Daga baya na lura ni ma ba na so ya wuce: jikina ya yi sakayau, ƙwarnafin dare ya ragu, kuma na huta da tsince-tsincen kitse da jijiya.

Sai tambayar ta taso, me zan ci? Na buɗe waya, na tarar da shawarwari buhu-buhu, kusan duk an rubuta su ne don mutumin Landan mai babban kanti a ƙofar gida: kwanon ɗanyen ganye, laimar kwaɗi, madarar 'ya'yan itatuwan da ba a nomawa a fadamar Galma. Su can abin ya daɗe da zama ƙungiya, tun 1847 aka kafa ta masu barin nama a Ingila, a Indiya kuwa miliyoyin mutane a haka aka haife su, a haka za su mutu. Amma ni da ko latas ba na iya taunawa, ina ni ina kwanon ɗanyen ganye? Na yi 'yan makonni ina ramewa a kan shayi da burodi, alhali kwanan kaza nake yi a kan dami.

A duba abin da gidan talaka na cikin birni ke ci tun kaka da kakanni. Da safe koko da ƙosai, ko kunun gyaɗa, ko ɗumame. Da rana ɗan wake, ko garau-garau, ko dambu da zogale, ko kwaɗon rama, ko rogo da ƙuli, ko fura da nono. Da dare tuwo, miyarsa daddawa ce ginshiƙinta, nama in an samu a jefa, in ba a samu ba a sha haka. Kakanninmu ranar Sallah da suna da biki suke cin nama su ƙoshi. Kanawa sun daɗe suna yi mana tsiya wai mu Zage-zagi ba mu da abinci sai fate. Sun yi gaskiya rabi, kuma ban ga abin kunya ba, don fate cikakken abinci ne da bai taɓa roƙon nama ba: tsakin masara, gyaɗa, manja ko man gyaɗa, daddawa, tarugu, sai yakuwa ko rama ko alayyafo.

Matsalar dai ni ban taɓa shan faten ba, saboda ganyen da gautar. A nan ne na gano abin da nake ganin ya kamata duk mai tsirfa ya sani game da kansa: sau da yawa ba da abincin yake faɗa ba, da yadda yake zama a baki ne. Ga yadda nake yin fatena yanzu. Albasa da tumatir da tarugu ba jajjage nake yi ba, niƙawa nake yi su yi sumul, in soya su a mai har ruwansu ya ƙone. In zuba ruwa, in saka daddawa da na daka ta zama gari, da gyaɗa soyayyiya da na kirɓa a turmi. In ya tafasa in zuba wankakken tsaki ina juyawa kada ya yi gudaji. Yakuwar kuwa daban nake tafasa ta, in tsiyaye, in sa a turmi in daka har ta zama kamar kwaɓi, sannan in zuba ta a ƙarshe. Tsaminta yana nan, launinta yana nan, amma babu abin da zai naɗe mini a harshe. Gauta ba ta shiga tukunyata. Uwar mijina ta ce wannan ba fate ba ne, kunu ne. Na yarda, amma ina shanye kwano.

Da na kama bakin zaren, sai sauran suka biyo. Waken da ba na iya kallo, in an surfe shi an wanke ɓawon an kai inji, ya dawo ƙosai ko alale, lafiya lau nake ci, kuma wake dai wake ne. Kukar da ba na sha a miya tana cikin ɗan wake, ita ce ma ke haɗa garin, kuma ba ta dame ni, don ta daina jan zare. Zogale in busar a inuwa in daka in barbaɗa a dambu ko a ƙullun alale. Kabewa in dame ta a miyar taushe da gyaɗa mai yawa, tsamin yakuwa ya kashe zaƙin. Wasu sun karɓu nan da nan, wasu sun ɗauki watanni. Kuɓewa ta ƙi. An yi busasshiya, an soya ɗanyar wai yauƙin ya mutu, ni dai ina jinsa. Na bar ta, ba kuma na jin wani laifi, don ba dole ne mutum ya ci komai kafin ya ƙoshi da lafiya ba.

Abin da ya maye mini gurbin soyayyen nama shi ne awara. Maƙwabciyarmu sana'arta ke nan, ta katanga nake jin motsinta tun asuba. Ta jiƙa waken suya ya kumbura, a kai inji, ta tace da ƙyalle ta matse dusar, ta ɗora madarar a ƙatuwar tukunya. In ta tafaso sai ta riƙa zuba ruwan tsami, wanda ta tsiyaye daga kan gasarar koko, kaɗan-kaɗan, kana kallo madarar za ta tsinke, farin ya taru a sama, ruwan ya koma garai-garai. Ta kwashe a ƙyalle, ta ƙulle, ta ɗora dutse ya danne har ya yi tauri, sannan a yanka a soya. Wannan shi ne abin da mutanen Sin da Japan suka yi ɗaruruwan shekaru suna ci, suna kiransa tofu, ana sayar da shi da tsada a kantunan Turai. Mu nan yara ke yawo da shi a bokiti lungu-lungu. Waken suya fiye da kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa furotin ne, wato sinadarin gina jiki. Ni ɗanyar nake saya kafin ta shiga kasko, don man tuyar talla yakan yi baƙi saboda maimaici, wasu masu yin kuma alif suke sawa maimakon ruwan tsami har ta yi bauri. In yanka ta sirara, in shafa mata mai, in mulmula a garin ƙuli da yajin tsire, in gasa a kan waya bisa garwashi. Ba zan ce nama ce ba, amma haƙorina ya sami abin ja.

Game da miyar lami, wadda kowa ke tsoro, sirrin yana wajen haƙuri da daddawa. Albasa ta soyu a hankali har ta yi ja, tattasai a gasa shi kafin a niƙa, daddawar kalwa ta gaske wadda ta kwana biyu ta nuna, ɗan man shanu a ƙarshe. Wanda ya saba jefa dunƙule huɗu a tukunya ya manta da wannan, shi ya sa yake zaton romo ne kaɗai ke ba miya daɗi.

Abin mamaki, garin da ake yi wa mai cin wake kallon matsiyaci shi ne cibiyar binciken wake ta ƙasar nan. Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru, wadda asalinta ya koma 1922 kafin ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ita ce ke fitar da irin waken da ake kira SAMPEA, ciki har da wanda aka saki a 2019 mai jure wa tsutsar da ke huda kwanson wake. Nijeriya ce ta ɗaya a duniya a noman wake, Nijar na bi mata. Kuma masana abinci sun tabbatar da abin da iyayenmu suka yi ba tare da karatu ba: ɓangaren furotin da hatsi ke da ƙarancinsa yana cikin wake, wanda wake ke da ƙaranci yana cikin hatsi. Koko da ƙosai, shinkafa da wake, duk haɗi ne da ya cika kansa. Masu kukan kumburin ciki su jiƙa waken ya kwana, su zubar da ruwan, su fara da kaɗan. Kanwa kuwa a sassauta mata. Tana sa wake saurin dahuwa amma tana lalata wasu sinadaran, kuma a nan Zariya ne likitoci a shekarun 1970 suka yi nazarin ciwon zuciyar da ke kama masu jego, suka danganta shi da yawan kunun kanwa da gashin jiki.

Yanzu ga inda ba zan yi wa kowa daɗin baki ba. Babban ramin da mai tsirfa ke faɗawa in ya bar nama shi ne ya koma shinkafa, taliya, burodi da taliyar yara, sitaci da mai zalla, yana ganin ya tsira. Wannan ya fi cin naman muni. Ni dokar da na kafa wa kaina guda ce: kada rana ta faɗi ban ci wani abu daga wake ko gyaɗa ko awara ko ƙwai ko kindirmo ba, da kuma ganye ko da a ɓoye yake. Akwai kuma sinadarin B12, wanda babu shi a hatsi ko wake ko ganye, sai a abin da ya fito daga dabba: nama, kifi, ƙwai, nono. Hanta tana ajiye shi, don haka mutum zai iya shekaru bai ji komai ba, sannan kasala da mantuwa da dindiris a tafin ƙafa su sallama. Wanda ya bar har nono da ƙwai, ƙwayar magani ta zame masa dole. Sinadarin ƙarfe da ke ƙara jini shi ma yana cikin wake da ganye, amma jiki ba ya zuƙarsa da sauƙi kamar na nama. Lemon tsami, tumatir ko gwaiba tare da abinci suna taimakawa, shayi a kan abinci yana hanawa, abin da ya fi yi mini ciwo ke nan, don ni 'yar shayi ce. Nakan je a auna jinina lokaci-lokaci. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin ɗari na matan Nijeriya masu shekarun haihuwa da kashi 68 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar suna da ƙarancin jini. A irin wannan ƙasa, mai ciki ko mai shayarwa ba za ta bar nama don ta karanta ni a jarida ba, sai ta zauna da ma'aikacin lafiya. 'Ya'yana kuma ban cire ko tsoka ɗaya daga kwanonsu ba.

Shi ya sa ba na ɗauko hujjojin Turawa in sauke a nan. A 2015 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce naman da aka sarrafa da gishiri ko hayaƙi yana jawo dajin hanji, jan nama kuma ana kyautata zaton yana jawowa. Gaskiya ne, amma haɗarin da yawan ci yake tafiya. Ba'amurke yana cin fiye da kilo 100 na nama a shekara, ɗan Nijeriya a matsakaici bai kai kilo 10 ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, har hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024, gidaje nawa ne a Kwarbai da Kusfa da Limancin Kona suka bar nama ba da son ransu ba? Rashin ta ido ne in tsaya a gabansu ina yabon abin da su ya zame musu dole. Abin da zan iya ba su shi ne awarar da ƙulin da dabarar daddawa, don yaro ya sami abin gina jiki ko babu tsoka. Maigidan da kuma zai yanke wannan shafi ya kai wa matarsa don ya daina sayen nama alhali yana tsayawa wajen mai balangu shi kaɗai da daddare, ban yafe masa aron sunana ba. Ba ni da faɗa da mahauta. Fawa tsohuwar sana'a ce mai sarautarta, kuma kindirmon da nake sha daga garken da ake kai wa kwata yake fitowa.

Maganar addini ita ce ta fi nauyi, kuma daidai ne ta yi nauyi a garin malamai. Wan mahaifin maigidana, dattijo mai ba da karatu a zaure, ya aiko a kira ni. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe shi.

«'Yata, na ji an ce kin bar nama. Kin san dai abin da Allah ya halatta, bawa ba ya haramta shi.»

«Allah ya gafarta Malam, ban haramta ba. Ina dafa wa yara, ina rabon na layya. Raina ne ba ya so, kamar dai labarin damo da kuka karantar da mu.»

Ya yi shiru, sannan ya yi murmushi ya ce ashe ana sauraro daga bayan labule. Labarin sananne ne, yana cikin Bukhari da Muslim: an kawo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, gasasshen damo, ya janye hannunsa, Khalid ɗan Walid ya tambaya ko haramun ne, ya nuna masa ba haramun ba ne, ba abincin ƙasarsu ba ne kuma ransa ba ya so, Khalid ya jawo ya ci a gabansa. An kuma ruwaito cewa bai taɓa kushe abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. Malam ya ƙara mini da abin da ban sani ba sosai, ya kuma ja mini layi. A Muslim akwai labarin wasu sahabbai da suka so ƙure ibada, ɗaya ya ce ba zai yi aure ba, ɗaya ya ce ba zai ci nama ba, aka tsawatar musu. Wato wanda ya bar nama yana ganin hakan kusanci ne ga Allah, ko yana ganin yanka zalunci ne, ko ya fi masu ci tsarki, ya kauce. Wanda ya bari don ransa ko lafiyarsa, yana kuma shaida halaccinsa, babu komai a kansa. Ya ma tuna mini cewa a Muwaɗɗa akwai gargaɗin Sayyidina Umar game da sabo da nama, don yana da jaraba. Na ga wannan layin adalci ne, kuma a kansa nake. Ragonmu na layya ana yanka shi kowace shekara, na suna ma haka, kasona in aika wa wata gwauruwa mai marayu a bayan layinmu.

Wanda ya fi na Malam wuya shi ne na cikin gida. Abin da ban hango ba, matar aure in ta daina cin nama, mijinta ake tuhuma. Uwar mijina ta ja ni ɗaki ta rage murya.

«'Yar nan, ko dai an samu ne?»

«A'a, Hajiya.»

«To ko shi ne ba ya kawowa? Faɗa mini gaskiya, yanzu in aika a kira mini shi.»

Sai da na buɗe mata tukunya ta ga kaza kwance a miya kafin hankalinta ya kwanta. Tun daga nan na gane dole abin ya zama a fili, don kada a ci mutuncin bawan Allah a banza. Tsarin da muka zauna a kai mai sauƙi ne. Kayan miya tare nake soyawa, in ɗebi nawa a ƙaramar tukunya, sannan a zuba romo da nama a babbar. Wankin ɗanyen naman babbar 'yata ta karɓe shi. Ƙarin aikin bai wuce wanke tukunya ɗaya ba.

A waje kuwa sai da siyasa. Bahaushe da kaza yake karrama baƙo, ka ture ta ka ture shi. In za ni gidan da ake ganin girmana, nakan aika tun da wuri cewa waina da taushe sun ishe ni, kada a wahala. A biki da suna dafa-dukar da romo ake yinta, kowa ya sani. Nakan ci abincina kafin in fita, a can in ɗauki waina ko alkaki ko fura, in an matsa in karɓi ƙunshin in kawo wa yara. Ba na tsare uwar biki da tambayar me aka sa a tukunya, ba na kuma bin bayan dunƙule ina karanta ko da ɗanɗanon kaza. Masu tsanani cikin masu barin nama na Turai za su ce ban cika ba. Su suka sani, ni zumunci ya fi mini cikar suna. Roƙo ɗaya nake da shi ga masu girkin biki da masu sayar da abinci daga Ƙofar Doka zuwa Tudun Wada: a riƙa ɗebe ɗan miya kafin a zuba romo. Ba ni kaɗai za ta amfana ba, akwai masu hawan jini da tsofaffin da aka hana maiƙo, suna nan da yawa suna haɗiyar abin da bai karɓe su ba don kunya.

Hajiya dai har yau ba ta sallama ba. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga almajirinta da ƙaramar samira ta farfesun kan rago, da saƙon a ba 'yar nan ko Allah zai sa. Ina karɓa hannu biyu, in ce a yi mata godiya, autana ya shanye, in wanke samirar in zuba mata gasasshiyar awara a mayar. An ce tana ci, amma ta hana a faɗa mini.